Kwana bakwai a Zanzibar: shawarwarin ƴan zaure

Baban Nana: Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar. Tun shekarar da muka yi aure na yi wa maiɗakina alkawarin zan kai ta ta ga teku da idonta, to bana Allah ya hore, kuma hutuna zai faɗo a watan Agusta. Kwana bakwai muke da su, ban da na hanya. Me ya kamata mu gani, a ina ya fi dacewa mu sauka, kuma shin mace mai hijabi za ta sake a can?

Hajiya ta Bagalam: Wa alaikumus salam. Za ta sake ƙwarai, domin mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, matansu kuma da lulluɓi suke fita, wasu da baƙar abaya, wasu da zanen nan nasu mai rubutu a gefe da suke kira kanga. A cikin gari babu wanda zai ɗaga kai ya dube ta sau biyu.

Alhaji na Ɗan Gulbi: Ƙanena, tun da shawara ka zo nema, ga ta farko: ka nemo katin allurar shawara, naka da nata, ka haɗa da fasfo. Ta biyu kuma ita ce biza. Zanzibar tana cikin ƙasar Tanzaniya, kuma mai fasfon Nijar ba ya cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgi, sai ya nema ta intanet ya jira amincewa, saboda haka kada ka biya kuɗin jirgi kafin ta fito. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 hukumar tsibirin ta wajabta wa kowane baƙo inshorar tafiya ta dala 44. Hanya kuwa, ko ka bi ta Yamai ko ka bi ta Kano, a Adis Ababa za ka canza jirgi. Ni ta Kano nake bi, don ta fi mana kusa.

Autan Zaure: Dala 44 ai sefa 220 ke nan, Alhaji. In haka ne ni ma a rubuta sunana.

Alhaji na Ɗan Gulbi: Dalar Amurka nake nufi, Auta, ba dalar da kake sayen ƙosai da ita a bakin tasha ba.

Kawu na Sabon Gari: Baban Nana, ka saurare ni da kyau, domin ni na je na sha wuya, kuma ba na so ka maimaita abin da na yi. Na kama ɗaki ta intanet a wani masauki da ke gabashin tsibirin, wajen Jambiani, saboda hotunan da suka saka sun nuna ruwa shuɗi yana taɓa matakalar ɗaki. Mun isa da dare, muna jin ƙugin teku har muka yi barci. Da hantsi na ce wa iyali su shirya mu je su tsoma ƙafa, muna fitowa sai muka tarar babu teku. Wallahi babu shi. Farin yashi ne da duwatsu da ƴan kududdufai har iyakar ganin ido, jiragen kamun kifi suna kwance a gefe guda kamar an jefar da su, ruwan kuma ya koma can nesa ya zama wani siririn zare. Ƙaramar ƴata ta tambaye ni ko mutanen garin ne suka kwashe shi da dare.

Mu mutanen Maraɗi gulbi muka sani, wanda yake kawo ruwa da damina ya ƙafe da rani, sai ga wani ruwa da yake yin damina da raninsa sau biyu a kwana ɗaya. Daga baya wani masunci ya fahimtar da ni cewa teku yana cika yana janyewa ne bisa tafiyar wata, kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50, kuma janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Gabar gabas shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa ruwan yake yin nisa haka. Babu wanda ya faɗa mini wannan lokacin da ake karɓar kuɗina.

Na ce to bari mu bi shi inda ya tafi. Na shiga ba takalmi, ban yi taku ɗari ba na taka wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya, ƙayoyin suka karye a cikin dugadugina, na yi kwana biyu ina ɗingishi.

Wannan bai ishe ni darasi ba. Rana ta huɗu muka shiga birni, wani saurayi mai fara'a ya tare mu da sallama, ya ce zai haɗa mana jirgin ruwa zuwa tsibirin kunkuru washegari. Na ba shi rabin kuɗi, ya rubuta mini "saa 3" a ƴar takarda. Na ce ai wannan ko ba tafinta na gane, sa'a uku, wato ƙarfe uku na rana. Muka ci abincin rana a tsanake, muka yi azahar, muka iso bakin ruwa, aka ce mana jirgi ya tafi tun safe har ya dawo. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ɗaya a wajensu, sa'a uku kuwa ƙarfe tara na safe. Saurayin ban sake ganinsa ba, balle kuɗina. Mutanen garin da kansu suna kiran irin waɗannan samari papasi, wato kaska. Saboda haka duk wanda ya faɗa maka lokaci ka sa ya nuna maka a fuskar agogo, kuma kada ka ba kowa kuɗi a kan titi.

Autan Zaure: Allah ya mayar da alheri, Kawu, amma ƴarka ta fi ka gaskiya.

Maman Sadiya: Ni kuwa wannan janyewar ruwan ita ce abin da ya fi burge ni a Paje, wani gari da ke gabar gabas. Da zarar ya ja baya sai mata su fito da igiyoyi da turaku su shiga gonakinsu na ciyawar teku, suna tsinka suna ɗaurawa, ruwa iya ƙauri, su kwaso su shanya a sayar, har sabulu ake yi da ita. Na zauna da su rabin yini. Kawu, laifin ba na gabas ba ne, rashin tambaya ne, domin kowane masauki yana da jadawalin cika da janyewa, kuma ana sayar da takalman roba na shiga ruwa.

Kawu na Sabon Gari: Na karɓi laifin rashin tambaya, Maman Sadiya. Amma mai son ya ga ruwa a gabansa daga safe har magariba ya tafi arewa, Nungwi ko Kendwa, inda gabar take da zurfi, janyewar ba ta yin nisa.

Hajiya ta Bagalam: Arewan ma da nata. Can ne Turawa suka fi taruwa, da kiɗan dare da giya da shigar da mai iyali ba zai so ya zauna a cikinta ba. Idan za ku je, ku nemi masaukin da ke gefe, ku fita da sassafe, ku je ku ga masassaƙan jiragen ruwa na katako a Nungwi, abin kallo ne.

Malama ta Zariya: Duk kun tsaya a bakin ruwa kun bar garin. Baban Nana, ka ware kwana biyu cur don tsohon birnin, wanda ake kira Stone Town, da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa ƙanana ne, mota ba ta shiga yawancinsu, kuma za ku ɓace, amma ɓatan ba ya da illa tun da ko ina kuka bi za ku ɓullo bakin teku ko kasuwar Darajani. Ku lura da ƙofofin gidaje, manyan ƙyamare na katako da aka sassaƙa wa furanni da ayoyi, wasu da ƙusoshin tagulla masu tsini. A bakin ruwa akwai tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, kusa da ita kuma ga Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, wadda wani sashenta ya rufta a Disamba 2020, don haka kada ku sa rai da shiga sai kun tambaya. A gaban waɗannan gine-gine ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai kai sa'a guda ba aka gama shi. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a kanta. Ana saukar da mutum wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa, tagoginsu kamar tsagar bango, a waje kuma akwai rami da mutum-mutumi biyar da sarƙa a wuyansu. Na fito ban iya cin abinci ba sai dare.

Malam na Limanci: Ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya tashi daga Maraɗi ya je ya biya kuɗi don shiga harabar coci ba, alhali garin cike yake da masallatai.

Malama ta Zariya: Allah gafarta Malam, ba ibada za a je yi ba. Tarihin mutanen da aka sayar ne, kuma masu sayarwar da yawansu salla suke yi, shi ya sa ma ya kamata mu gani.

Malam na Limanci: Na ji, Malama, kowa da fahimtarsa. Abin da zan ƙara shi ne maganar alƙibla, domin ni ta ruɗe ni. Mu nan mun saba da cewa gabas ita ce alƙibla har muna kiran su da suna ɗaya, to a can Makka tana arewa sak, kuma daren farko sai da na rama isha'i. Yawancinsu Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa, za ka ga ɗan bambanci a salla, kada ya dame ka. Idan ka sami hali ka gangara kudu zuwa Kizimkazi, akwai tsohon masallaci da rubutun Kufi a jikin mihrabinsa mai ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107.

Alhaji na Ɗan Gulbi: Malama, a Darajani nawa ake sayar da kanumfari? Idan da sauƙi, Baban Nana ya taho mana da buhu biyu a raba a Babbar Kasuwa.

Malama ta Zariya: Alhaji, ko a hutun wani ma sai ka nemi riba. Cinikin kanumfari zuwa waje yana hannun gwamnatin tsibirin, ita ke saye daga manoma, kuma mafi yawansa a Pemba ake nomawa, ba a Unguja inda birnin yake ba. Na tsaraba dai ana samu a ƙulle-ƙulle.

Maman Sadiya: Ku je gonakin kayan ƙamshi, ba su da nisa da birni, rabin yini ya isa. Shekara nawa ina daka kanumfari a yaji da fura ban san toho ne na fure ba sai da na gan shi a bishiya, ja-ja kafin a shanya shi ya yi baƙi. Kirfa kuma ɓawon itace ce, a gabana aka ɓantaro ta aka ba ni na shinshina. Gyaɗar ƙamshi tana cikin wani ɗan itace mai kama da goba, an tsaga shi sai ga ta naɗe da jan zare.

Autan Zaure: To tsibirin kunkurun da Kawu bai gani ba fa, akwai wanda ya gani?

Hajiya ta Bagalam: Na je. Sunansa Changuu, tafiyar kusan rabin sa'a ce a ƙaramin jirgi daga birni. An gina kurkuku a can a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cuta. Kunkurun daga tsibiran Seshel aka kawo kakanninsu kyauta a 1919, kowane ɗaya ya fi turmi girma, wasu an rubuta shekarunsu da fenti a bayansu. A Agusta iskar kudu tana kaɗawa, babu ruwan sama sosai kuma babu zafi, amma teku yana tashi, saboda haka a sa rigar kariya kafin jirgi ya motsa, wanda kuma yake da saurin amai kada ya cika ciki.

Kawu na Sabon Gari: Da na san turmi ne kawai da ban yi baƙin cikin kuɗina ba. Ni dajin Jozani ne ya wanke mini zuciya, inda jajayen biran nan suke, waɗanda ba a samun irinsu ko ina sai Zanzibar. Suna saukowa har saitin kai suna cin ganye, ba ruwansu da mutum.

Baban Nana: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Idan na fahimta, kwana biyu a birni, sauran a bakin ruwa. Amma har yanzu ban ji an tsayar mini ba, arewa ko gabas?

Hajiya ta Bagalam: Kafin nan, kada ka bar maiɗakinka ta ci duk abin da ta gani a Forodhani. Da magariba ake kafa teburan abinci a dandalin bakin ruwa, kifi da jatan lande da ruwan rake da lemun tsami da citta, amma wasu tsiren kifin sun daɗe a shimfiɗe. A zaɓi wanda za a gasa a gabanku, a kuma yi ciniki kafin a ɗora a wuta. Ni urojo na fi so, wani romo ne mai tsami da dankali da ƴan ƙosai a ciki.

Alhaji na Ɗan Gulbi: Hajiya, romo da ƙosai a kwano ɗaya? Ni a bar ni da shinkafarsu ta pilau. Malama, ƙullin tsarabar nan kamar awo nawa ne a ciki?