Romon kazar nan fari na Japan, madara suke zuba masa?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masanan tukunya: me ke sa romon kaza ya yi fari fat, ya yi kauri har ya kama cokali, alhali ba gari ba gujiya a cikinsa?

Ga dalilin tambayar. An tura mu horo kan noman shinkafa a garin Tsukuba na Japan, ranar hutu wani ɗan Indonesiya da muke aji ɗaya ya ja mu Tokiyo, unguwar Asakusa, wani shagon taliya mai takardar halal manne a ƙofa. Layi har bakin titi, ga sanyi, amma ba mai gunaguni. Kafin ka zauna sai ka sa kuɗi a wata na'ura ta ba ka tikiti, ka miƙa wa mai dafawa. Na biya wajen yen dubu, kusan jaka huɗu na sefa ke nan. Taliya cikin romo suna kiranta ramen, irin wannan ramen ɗin kuma suna ce masa tori paitan.

Da aka aje kwanon gabana na ɗauka kunun gyaɗa ne aka tsoma taliya ciki. A sama yankan ƙirjin kaza ne siri-siri, da ganyen albasa, da rabin ƙwai wanda gwaiduwarsa ba ta daskare ba. Kurɓa ɗaya na ji leɓɓana suna mannewa. Ba yaji, ba tarkacen kayan ƙamshi, kaza ce zalla, kuma duk da kaurin bai gundure ni ba har na ga gindin kwano. Taliyar ma daban take, rawaya-rawaya, tana da danƙo a haƙori. Tun da na dawo Maraɗi nake ba uwargida labari, ta ce in samo mata yadda ake yi. Ita ta tsaya kan cewa madarar gari ce.

Hajiya Mai Farfesu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gaya wa amaryarmu ta aje gwangwanin madara, wuta ce ke wannan aikin. Mu masu farfesu muna rage wuta don romo ya fito garau, su kuwa barinsa suke yana tafarfasa da ƙarfi awa shida zuwa takwas, wasu ma fiye. Kitsen sai ya farfashe ya gauraye da ruwa, danƙon ƙashi da fata ya riƙe su kada su rabu. Mannewar leɓe da ka ji, ƙafar kaza ce.

Ta nemi ƙashin kaza, wuya, fiffike da ƙafafu masu yawa. Ta fara tafasa su minti goma ta zubar da ruwan, ta wanke jinin da ya daskare jikin ƙashi, in ba haka ba romon toka-toka zai fito. Sai sabon ruwa, albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta. Ruwa ya ja ta ƙara tafasasshe. In ƙashi ya yi laushi ta murƙushe shi da muciya ta tace. Gishiri sai a kwano. Tsohuwar kazar gida ta fi ta gona ba da romo nesa ba kusa ba. Ta yi a murhun gawayi, gaz ba zai yi muku arha ba.

Malamin Lakkwal, Zariya:

Allah ya saka wa abokinka da ya kai ka shago mai takardar halal. Duk wanda zai je can ya kula, sunan kaza a allo bai wadatar ba. Ramen da yawa da ƙashin alade ake yin romonsa, shi ne tonkotsu, naman da ake ɗorawa sama ma galibi na alade ne, kuma miyar waken suya da ake zubawa a gindin kwano sau da yawa akwai giyar shinkafa a ciki.

Taliyar leda da yaranmu ke ci ma asalinta can ne, wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ya fito da ita a 1958, kuma ta farkon ɗanɗanon kaza gare ta.

Maman Ƴan Biyu:

Yaya, kada ku sha wannan wahalar sannan ku jefa Indomie ciki, za ta jiƙe ta yi lakwas. Danƙo da rawayar da ka gani daga wani ruwa ne da suke kwaɓa fulawa da shi, kansui, kuma aikinsa ɗaya da kanwarmu ta ɗanwake. Ni na gwada: na jiƙa kanwa ƴar kaɗan, na tace, na kwaɓa fulawa da gishiri da tauri sosai, na rufe ta huta, na murza a injin taliyarmu na gida. Kanwa ta yi yawa za ku ji ɗaci da warin sabulu. A dafa ta a tukunya daban, minti biyu, a tsame a sa a romo a ci nan take. Ƙwai kuma minti shida da rabi, sai cikin ruwan sanyi.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, ƙafafun nawa za su isa tukunyar mutum takwas, kuma ina zan same su da yawa haka?

Hajiya Mai Farfesu:

Kilo ɗaya na ƙafa, kilo biyu na ƙashi da fiffike, ruwa ya sha kansu sosai. Ka je wajen masu figar kaji a babbar kasuwa, ko ka yi magana da mai gasa kaji na unguwarku tun da yamma ya tara maka. Ka ce a sulluɓe fatar ƙafar a yanke farcen.