Me ya sa har yau ake ta maganar Mulholland Drive?

Mai Tambaya:
Jama'a, fim ɗin nan na David Lynch ya fito tun 2001, mutane da yawa sun kalla ba su gane kansa ba, amma a 2016 masu sharhin da BBC ta tambaya suka ce shi ne gwarzon fina-finan ƙarnin nan. Ina sirrin yake?

Malamin Sinima:
Ɗan'uwa, duba asalinsa. An fara ɗaukarsa ne a matsayin kashin farko na shirin talabijin don tashar ABC, suka ƙi shi. Daga baya kamfanin StudioCanal na Faransa ya zuba kuɗi, Lynch ya ƙara sabon ƙarshe. Shi ya sa wasu zaren labarin suke tsinkewa, kamar ɗan sandan da ya bayyana da farko bai sake dawowa ba. Wannan giɓin ne ya bar wa kowa wurin sa tasa fassarar.

Yaya Mai Sharhi:
Inda ake ɓata shi ne neman mai laifi kamar a fim ɗin bincike. Ka lura da lokacin da aka buɗe wani shuɗin akwati a fim ɗin: daga nan manyan matan labarin biyu suka canza, Betty ta koma Diane, Rita ta koma Camilla. Yawanci ana ɗaukar abin da ya gabata a matsayin mafarkin Diane. A kallo na biyu bi shuɗin makullin da jar fitila, kuma kada ka rage sauti, kiɗan Angelo Badalamenti na ɗauke da rabin tsoron.

Malamin Sinima:
Gaskiya ne, Yaya. Wasan Naomi Watts, wadda ta fito a matsayin Betty, a wurin gwajin 'yan wasa kaɗai ya isa a sake kallo. A 2022 mujallar Sight and Sound ta sa shi na 8 a duk tarihin sinima.