Dekafan ɗin nan, me za mu kira shi da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, ina neman masu Hausa a baki. Akwai wani ruwa mai kauri kamar koko da ake shafa wa tsohon fenti ya saki daɓe, a jikin gwangwaninsa an rubuta DÉCAPANT da Faransanci, mu nan Garwa ta Kamaru dekafan muke cewa. To Hausarsa nake nema, kuma ba iyayi ba ne, rashin sunan nan ya ci min kuɗi sau biyu a sati ɗaya.

Ga yadda aka yi. Kawuna yana da ɗakunan haya a Yelwa, ɗan hayar da ya tashi ya bi daɓen siminti ya malala masa jan fentin mai wai don ya yi kama da ofis, yanzu duk ya ɓaɓɓare, nan ja nan fari kamar kan yaro mai ƙora. Kawu ya ce karo zai sa, wato tayil, magini ya ce Alhaji sai an cire fentin nan tukuna don siminti ba ya kama bayan fentin mai, in aka ɗora a haka wata rana karon zai fara ƙara kamar ganga ya ɗago. Aikin ya faɗo kaina. Na aiki ƙanena kankayeri, shagon kayan gini, na ce ya sayo maganin fenti, ya dawo min da dilwan, ruwan tsinka fenti. Washegari na ce to ka ce musu mai cin fenti, ya dawo da asid a gora. Na zuba kaɗan a lungu na gwada, inda siminti yake tsirara ya hau kumfa yana ci, fentin kuwa ko gezau, yana nan ja wur yana kallona. Ban ga laifin yaron shagon ba wlh, abin da aka faɗa masa ya bayar.

Shi ya sa na ce maganin fenti ya faɗi tun kafin a fara. Magani a bakin Bahaushe komai ne, maganin sauro, maganin ɓera, maganin gashi, kuma maganin gashi ai gyara gashin yake ba cire shi ba, to wa ya san ɓangaren da maganin fenti yake.

Wani ɗan uwa ya ce makankarin fenti. Malam na gode amma a'a. Dekafan ba ya kankarar komai, kai ne za ka durƙusa ka kankare. Aikinsa ya shiga jikin fentin ya kumbura shi, ya yamutse ya tattare kamar fatar tsohuwa, ya saki siminti, sannan ka zo da faffaɗan ƙarfen nan mai mariƙi ka bi ka kwashe. Wannan ƙarfen shi ne makankari, sunansa ne tun asali kar mu ƙwace masa.

Wani kuma ya ce ai tina ce, haka ake cewa a Yola da Kano. Tinar ita ce dilwan ɗinmu, abu ɗaya suna biyu, ɗaya ya biyo bakin Ingilishi ɗaya ya biyo na Faransa. Aikinta tsinka ɗanyen fenti in ya yi kauri da wanke buroshi, in fenti ya ɗiga yau ka goge yau to za ta yi maka, amma wanda ya shekara uku ana taka shi sai dai ka yi asarar gora guda ɗaki ya cika da wari. Ita tata Hausar ba wuya, ruwan sirki, yadda ake sirka ruwan zafi da na sanyi. Na ajiye wannan gefe, ba ita ta kawo mu ba.

Wanda ya tsayar da ni tunani wani dattijo ne daga Marwa, ya ce ɗana ka je majema ka gani, fata ana jiƙa ta a ruwan toka gashi ya saki sannan a kankare, to ku ce tokar fenti mana. Baba wlh ka zo kusa. Don dekafan kashi biyu ne manya, kuma ɗaya ɗan gidan su toka ne sak, soda ce a cikinsa, sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita. Yadda take juya man ja ko man gyaɗa ya koma sabulu, haka take juya man da ke cikin fentin ya yi laushi ya wanku, shi ya sa ta fi ƙarfi a kan fentin mai. Masu haɗawa da kansu a gida dan Allah sodar ake zuba wa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, tana ɗaukar zafi ta yi tartsatsi, kuma kar a haɗa a tukunyar alminiyam don cinye ta take, bokitin roba mai kauri za a nema. In an gama a wanke daɓen da ruwa sosai, wasu na ɗauraye da ɗan binegar don kashe kaifinta.

Matsalar tokar fenti ita ce kashi na biyun ba ruwansa da toka. Shi na sinadari mai tashi ne, mai warin nan da ke hawa kai. A nan zan ɗan daɗe don shi ne abin da ya ba ni tsoro. Ku duba jikin gwangwani, in kun ga an rubuta dichlorométhane ko chlorure de méthylène to ku yi hattara. Yana aiki da sauri ba ƙarya, amma tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda hancinka yake in ka durƙusa kana kankara, kuma in ya shiga jiki yana juyawa ya koma irin gubar hayaƙin gawayi ko janareta da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki. Tarayyar Turai ta yanke hana sayar wa gama-garin mutane shi tun 2009, Amurka ta bi a 2019. Sannan ku ji wannan, a wajen digiri 40 yake tafasa. Digiri 40 fa! Mu da a watan Maris da Afrilu Garwa ke wuce haka da rana tsaka, ka ga ke nan kana shafawa yana guduwa sama kana shaƙa, fenti bai samu ba huhunka ya samu. In dole shi za a yi, da sassafe bayan asuba, ƙofa da taga a buɗe, yara su bar wajen, babu sigari babu murhu kusa, a shafa da kauri a rufe da leda kar ya bushe kafin ya ci. Takunkumin yadin nan na hana ƙura ba ya tare tururi, kar ya ruɗe ku.

Masu cewa a zuba zuwa-zuwa, fetur ɗin 'yan bumburutu, kawai tunda ga shi nan a kwalba bakin hanya, Allah ya shirye ku. Fetur a shimfiɗe a daɓen ɗaki, matar gida na hura wuta a tsakar gida.

To ni ga nawa, ku auna. Saluɓe-fenti. Hausa ta saba da irin ginin nan, dafa-duka, hana-salla, fasa-ƙwauri, a ɗauko aikin abu a liƙa masa ya zama suna. Kuma duk wanda ya taɓa ganin wanda ruwan zafi ya zubo wa ya san mene ne saluɓewa, fata ta kumbura ta yi bororo ta zame ta bar tsoka, to wlh haka fentin yake yi ba bambanci. Ya haɗa na soda da na sinadarin duka biyu don dukansu saluɓewar suke yi. Abin da ya fi burge ni ma, sunan da kansa gargaɗi ne, wanda aka ce masa riƙe min saluɓe-fenti ba sai an ce masa sa safar hannu ba, ya san abin da ke saluɓe fenti ba zai ƙyale fatarsa ba, balle ido.

Wata 'yar uwa daga Kuseri ta ce su saɓule suke cewa ba saluɓe ba. Yaya duk na ji ana faɗa, amma saɓule tana tafiya har kan takalmi da zobe da wando, saluɓe kuwa ta fi zama a kan fata da ƙuna, shi ya sa na riƙe ta. Wani ya ce ta yi tsawo. Dekafan gaɓa uku, wannan biyar, na yarda, amma dikulorometan fa nawa ne.

Saura masu tambayar yaya aikin ya ƙare. Kafin ka sayi komai ka jiƙa tsumma da alkol, wato sipirit, ka goga a fentin, in launi ya biyo tsumman to fentin ruwa ne, wannan ruwan zafi da omo da buroshin ƙarfe da haƙuri sukan yi masa yawanci. Namu bai biyo ba, na mai ne, sai da na shafa sau biyu don siminti tsotsa yake, yana da ƙananan ƙofofi da fentin ya shige ya zauna. Magini ya ce a kawo injin gurza a bi a bushe a huta, na hana. Tsohon fentin mai yana iya zuwa da dalma, mu Kamaru sai 2017 aka yi dokar taƙaita ta a fenti, kuma ba wanda ya san shekarar da aka cika gwangwanin da ɗan hayar nan ya shafa. Ƙurar ita ce ke shiga cikin yara, wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san dalma ba wasa. Duk abin da na kankaro a jiƙe na kwashe shi na ƙulle a leda, ban zuba a kwata ba.

Asid ɗin can yana nan a ɗakin ajiya na rubuta masa suna da babban baƙi, na kuma gaya wa matan gidan kar wadda ta haɗa shi da jabel, wato bilic, wajen wankin bayi, hayaƙin da suke tayarwa guba ne.

Har yanzu akwai inuwar ja a daɓen in ka duba da kyau, magini ya shafa hannu ya ce ya yi kaushi, karo zai kama. 'Yan Injamena ban ji ku ba tukuna, ku me kuke ce masa a shagunanku?