Wanda ka tsinta a hanya ko a intanet, aboki ne ko idon sani?

Dattijon Hanya: Assalamu alaikum. Jiya jikana ya ce mini yana da abokai sama da dubu biyu a Facebook. Na tambaye shi mutum nawa cikinsu za su taso tsakar dare idan aka kwantar da shi a asibiti, sai ya sunkuyar da kai. Ni a ganina wanda ka haɗu da shi a mota, ko a jirgi, ko ta waya, ba aboki ba ne, idon sani ne kawai. An ruwaito cewa wani ya zo yana yi wa wani shaidar kirki a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da mutumin ya ce babu ko ɗaya, Umar ya ce masa ashe bai san shi ba. To mai turo maka saƙo daga wata duniya, wanne cikin ukun nan ya haɗa ku?

Direban Dare: Wa alaikumus salam. Baba, a gafarce ni, amma ai tafiya na cikin ukun da ka lissafa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, mota ta mace mini a daji cikin dare, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fasinjoji suna ciki suna ta mita. Mutum ɗaya ya fito ya karɓi tocila ya haska mini inji. Awa uku yana tsaye, hannunsa na karkarwa don sanyi, har sai da ya riƙe tocilar da hannu biyu don kada hasken ya riƙa rawa. Na ce ya koma ciki, ya ƙi. Ban san sunansa ba sai da asuba. Ranar da mahaifiyata ta rasu, tafiyar yini guda ya yi ya zo, ya riga wasu 'yan uwana isowa.

Dattijon Hanya: Allah ya jiƙanta, ɗana. Wannan na yarda, don wahala ce ta tone muku halin juna. Amma ba ita ce hirar awa biyu da ake yi da na kujerar gefe ba, a karɓi lamba, a rabu, shi ke nan.

Malama Mai Alli: Baba, ina ganin ba wurin haɗuwa ne abin dubawa ba, lokacin da aka ba wa juna ne. Wani malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018 da ya nuna ana bukatar kusan awa 50 tare kafin idon sani ya zama abokin hira, kusan awa 90 kafin a kira shi aboki, sama da awa 200 kafin ya zama amini. Kowane amininka baƙo ne a ranar farko. Zancen jikanka kuma kana da gaskiya: Robin Dunbar, masanin ɗan Adam na Ingila, ya ƙiyasta cewa mutum ba ya iya riƙe hulɗa mai ɗorewa da fiye da kusan mutum 150, na jikin-jiki kuwa ba su wuce biyar ba. Facebook ya bar mutum ya tara har 5,000, shi ya sa kalmar ta yi arha.

Sai dai ko idon sanin ma kada mu raina shi. Tun 1973 Mark Granovetter, wani masanin zamantakewa na Amurka, ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta bakin wanda suka san juna sama-sama, saboda na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani.

Uwar Biyu: Malama, lissafin awannin nan ne ya tayar mini da hankali, don ɗan damfara ya fi kowa sanin sa. Ƙanwata wata bakwai wani yana turo mata gaisuwa kowace safiya, bai taɓa fashi ba. Ya san sunayen 'ya'yanta, ya san ranar da take zuwa ganin likita. Awa 200 kuwa sun ninka ta. Duk lokacin da ta ce su yi kiran bidiyo sai ya ce kyamararsa ta lalace. Ranar da ya ce ya aiko mata da kaya an riƙe a kwastan sai an biya, ko ɗar ba ta ji ba, ta tura. Ta sake turawa sau biyu. Ni na same ta zaune a bakin gado da wayar a cinya tana ta sabunta shafin, alhali ya riga ya toshe ta. Kuɗin bai yi mata ciwo kamar safiyar da ta waye babu gaisuwa ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce: hukumar FTC ta Amurka, mai kare jama'a daga zamba a harkar kasuwanci, ta ce a 2022 kusan mutum 70,000 ne suka kai ƙarar damfarar soyayya, asarar ta kai dala biliyan 1.3. Waɗanda suka iya buɗe baki ke nan. A hanya kana ganin idon mutum, a waya abin da ya zaɓa ya nuna maka shi kake gani.

Malama Mai Alli: Allah ya mayar mata da alheri. Na karɓi gyara, Yaya. Awannin da Hall ya ƙirga na zama tare ne, ba na rubutu ba.

Ɗalibar Nesa: Baba, ina neman izini in amsa tambayar da ka yi wa jikanka. Ina da sikila, kuma karatu ya kai ni inda ba ni da kowa. A wani zauren masu irin ciwona na haɗu da wata, yau shekara uku. Ranar da ciwon ya tashi mini ƙarfe biyun dare, ita na kira. Ba ta da halin zuwa, ƙasa ta raba mu, amma ta tsaya a kan layi har gari ya waye. Ita ta riƙa faɗa mini abin da zan ce wa nas, don na kasa haɗa magana, tana ƙirga mini numfashi ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ajinmu da muke gaisawa kullum ba su san me ciwon yake yi wa ƙashi ba, ita ta sani a jikinta. Idan wannan idon sani ce, to ban san me ake kira ƙawa ba.

Anti Uwar Biyu, ban raina abin da ya sami ƙanwarki ba. Mu tun watan farko muka ga fuskar juna a bidiyo, na gaisa da mahaifiyarta, ta gaisa da tawa, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tambaya ta kuɗi ba.

Uwar Biyu: Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata. Ki lura, duk abin da kika lissafa fitar da abotar ne daga cikin waya zuwa idon iyaye. Wanda ya cuci ƙanwata abin da ya hana ke nan, kullum yana ce mata kada ta faɗa wa kowa tukuna.

Dattijon Hanya: 'Yata, Allah ya yaye miki, ya saka wa yarinyar nan da alheri. Ba zan ce mata idon sani ba, bakina ba zai iya ba. Amma har yanzu ina kan bakana game da dubu biyun jikana, kuma ina tare da Uwar Biyu. Abu ɗaya nake so in ji: kun taɓa saɓawa ke da ita? Don ni ban gama yarda da abota ba sai na ga yadda ta tashi bayan faɗa.

Ɗalibar Nesa: Mun taɓa, Baba. Bara na manta ranar da za a yi mata ƙarin jini, ban kira ba. Sati biyu ba ta ɗaga wayata. Na rubuta mata takarda da hannuna, na ɗauki hotonta na tura. Washegari ta kira, ta fara da faɗa, na yi shiru har ta gama.

Direban Dare: Ni da mutumina sau biyu muka yi, ɗaya a kan bashi ne. Na biya shi kafin ya sake tambaya.