Koyar da tsarin mulki a aji: abin da malaman Asawase suka ce

Bayan La'asar wasu malaman Asawase da Aboabo a Kumasi suka zauna kan yadda za a koya wa yara kundin tsarin mulkin Ghana na 1992. Ga abin da na tsinto.

Bakinsu ya zo ɗaya cewa kada a fara da hadda. Wata malama ta ce da tambaya take buɗe darasi: 'yan sanda sun kama yayanku a tasha, kwana nawa za su riƙe shi? Sai yara sun gama cinta take buɗe sashe na 14, inda aka ce a kai shi kotu cikin awa 48. Daga nan sauran haƙƙoƙin Babi na 5, babin haƙƙin ɗan Adam, ba sa wuyar shiga kai.

Kan gyaran kundin kuwa, dabarar wani dattijo ta fi burge ni. Ya ce a mai da aji ƙasa. Sassa masu tsauri, irin Babi na 5, sai da ƙuri'ar raba gardama: kashi 40 cikin ɗari na masu zaɓe su fito, kashi 75 na waɗanda suka fito su amince. A aji mai yara 50, sai 20 sun jefa, 15 a cikinsu sun ce e. Sauran sassa kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa ake nema, kamar gyaran 1996 da ya halatta zama ɗan ƙasa biyu.

An kuma ja kunne: gardamar NDC da NPP, manyan jam'iyyun siyasar Ghana, a bar ta a bakin ƙofa. Nan dai aka yi dariya, don ba a tashi ba sai da malaman kansu suka taɓa ta.