Matsin ido na dawowa bayan an sa bututun Ahmed: akwai mai sakin magani da kansa?

Nas ɗin ido, Jos:
Likitoci, barkanku da aiki. Me ya sa bayan an sa wa mai hawan jinin ido bututun Ahmed (ɗan bututu mai faifai da ake dasawa don fitar da ruwan cikin ido) matsin kan sauka ƙasa da 12 a ma'aunin matsin ido, sai wajen mako na huɗu ya haura 25? Na ji ana zancen bututu mai sakin magani a hankali. Ya shigo kasuwa ne?

Likitan ido, Lamingo:
Sista, galibi ba toshewa bututun ya yi ba. Tabo ne ke nannaɗe faifan da ruwan ke taruwa a kansa, ya yi kauri, ruwa ya kasa ratsawa, kuma idon baƙar fata ya fi saurin yin tabo. Mitomycin C, maganin hana tabo da ake jiƙa soso da shi, 0.2 zuwa 0.4 mg/ml na minti 2 zuwa 3, a ranar tiyata kaɗai ake sa shi a wanke, alhali tabon makonni yake yi yana ginuwa. Shi ya sa aka gwada manna wa faifan siririyar ledar PLGA (irin ledar da ke narkewa a jiki a hankali) mai ɗauke da maganin. A zomaye tabon ya ragu, amma har yanzu a matakin bincike ake.

Mai haɗa magani, Bukuru:
Ranka ya daɗe, cikas ɗin a wajen sakin yake. Maganin da ke saman ledar yakan fita gaba ɗaya a kwanakin farko, lokacin da ake buƙatarsa kuma saura ɗan kaɗan. Ga shi PLGA in tana narkewa tsami take fitarwa, mitomycin kuwa ba ya jure tsami. In kuma maganin ya yi yawa, fatar da ta rufe bututun ta sirance, bututu ya leƙo waje, ƙwayar cuta ta samu ƙofa.

Likita, Rayfield:
Kada a rikita wannan leda da Durysta da iDose TR, waɗanda ake dasawa a cikin ido su riƙa sakin magani a hankali. Na farko bimatoprost ne maikirogiram 10, Amurka ta amince da shi a 2020, sau ɗaya ake sa wa ido saboda yana rage ƙwayoyin cikin koniya (fatar gaban ido mai kama da gilashi). Na biyu travoprost ne maikirogiram 75, a 2023. Matsi suke saukarwa, ba ruwansu da tabo.

Abin yi yanzu, Sista: da matsin ya wuce 10 bayan aiki, a nemi likita ya fara timolol ko dorzolamide, magungunan ɗigawa masu saukar da matsi, kada a jira 25. A kuma tambayi majiyyaci ko kwalbar prednisolone, maganin ɗigawa mai rage kumburi bayan tiyata, ta ƙare, don da yawa sukan daina ɗigawa da zarar jan idon ya washe.