Tafasar da ta cushe wuri ɗaya, me ke lalata ganyenta?

Ɗan Rigasa:
Salamu alaikum. Duk damina ina tsinko wa Inna tafasa a wani fili bayan layin dogo. Abin da ke ɗaure min kai: inda ta fito cunkus, ganyen ƙasa duk ɗigo-ɗigon baƙi, wasu sun yi rawaya sun zube. Wadda ta tsiro ita kaɗai bakin hanya kuwa garau take. Ba wanda ya shuka ta, balle a ce taki ne. Mene ne dalili?

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Wa alaikumussalam. Fumfuna ce, yaro. Irinta kamar ƙura yake, sai ganye ya daɗe a jiƙe yake tsira. Gobe da hantsi ka tura hannu cikin cunkoson, za ka ji raɓa har lokacin, alhali ta bakin hanya ta bushe tun fitowar rana. Iska ba ta ratsawa, ga ganye na gugar ganye, ruwan Agusta na fantsamar da cutar daga wannan zuwa wancan. Sannan suna rububin haske, na ƙasa sun raunana. A dajin Afaka na sha ganin 'ya'yan itace sun tsiro birjik a gindin uwarsu, sai ƙasan karan ya ruɓe su kwanta. Wanda tsuntsu ko jemage ya kai nesa shi ke zama bishiya. Masana kimiyya biyu, Janzen a 1970 da Connell a 1971, sun ce wannan na cikin dalilan da iri ɗaya bai mamaye daji ba.

Maman Biyu, Kawo:
To Baba, ai gamba ma a cushe take da sauran ciyayi, ba ta lalacewa haka.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Cuɗanya daban, 'yata. Yawancin fumfuna na da tsiron da take ci. In ƙurar ta faɗa kan wani iri, ta tashi a banza.

Ɗalibin Samaru:
Baba, a yi min afuwa, ba kowace cuta ce cunkoso ke ƙara wa ƙarfi ba. Kuturtar gyaɗa, wadda ta yi ɓarna a Arewa a 1975, darɓa ke yaɗa ta, kuma ta fi kama gonar da aka shuka jefi-jefi.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Gaskiyarka, amma wannan ƙwayar cutar bairos ce, ba fumfuna ba. Ɗan Rigasa, ka riƙa tsinkar ta gefe, kuma ta sama.